Gado da Kuɗin Taimakon Naƙasassu a Amurka

A ƙasar Amurka Gwamnati tana ba makafi da naƙasassu da tsofaffi matalauta wani taimako kowane wata, ana kiransa SSI. An kafa dokarsa a 1972, aka soma biya a 1974. Sharaɗinsa rashin wadata: kada dukiyar mutum ɗaya ta wuce dala 2,000, ta miji da mata kuwa dala 3,000. Tun 1989 ba a ɗaga wannan iyaka ba. Amma ba a lissafa gidan da mutum yake zaune ciki, ko motarsa guda ɗaya.

Saboda haka gado, ko da kaɗan ne, yana iya yanke taimakon. A watan da ya shiga hannun magaji ana lissafa shi cikin abin da ya samu. Abin da ya saura har kamawar wata kuwa ya zama dukiya. In ta haye iyaka, sai a tsai da biya har ta sauko. A jihohi da yawa kuɗin magani, watau Medicaid, yana tafe tare da SSI, hasara ta zama biyu.

Lalle ne magaji ya sanar da ofis cikin kwana 10 bayan ƙarewar watan. Wanda ya ƙi karɓar rabonsa, ko ya kyautar da shi don kada a yanke masa, ana iya hana shi taimakon har wata 36.

Doka ta yarda a danƙa gadon amana a hannun wakili, yana kashewa kan bukatun naƙasasshen. Har wa yau dokar ABLE ta 2014 ta buɗe asusun ajiya wanda ba a lissafa dala 100,000 na farko cikinsa. Mafi sauƙi mai dukiya ya shirya amanar cikin wasiyyarsa tun yana da rai.