Hoton Maganaɗisu da Binciken Cututtukan Zuciya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana gudummawar na'urar MRI, wadda za mu kira na'urar hoton maganaɗisu, wajen gano cututtukan zuciya. Da yake Bahaushe yakan ce “ciwon zuciya” har ga baƙin ciki, ya kamata a lura cewa a nan tsokar da ke harba jini ake nufi.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Mafi yawan jikin ɗan'adam ruwa ne. Idan aka shigar da mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan sukan fuskanci gefe guda. Sai a aika musu igiyar rediyo ta karkatar da su. Yayin da suke komawa yadda suke, sukan fitar da sigina da kwamfuta ke mayarwa hoto. Paul Lauterbur ya nuna yiwuwar haka a 1973, Peter Mansfield na Ingila ya hanzarta aikin, suka raba kyautar Nobel a 2003. Sai dai zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto, don haka aka daidaita ɗaukar da bugunta, majinyaci kuma ya riƙe numfashi na ɗan lokaci.

3.0 Rarrabe Tsoka Mai Rai da Matacciya

A ganinmu, nan ne babban ci gaban yake. Bayan toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, wani sashen tsoka yakan daina motsi, likita kuwa yana bukatar sanin ko ya mutu ne ko dogon suma ya yi, domin aikin buɗe jijiya yana da haɗari da tsada. Akan yi wa majinyaci allurar sinadarin gadoliniyam, a jira kamar minti 10. Sinadarin yakan fice daga lafiyayyar tsoka, amma ya maƙale a tabo, tabon ya fito fari fat. A shekarar 2000 Raymond Kim da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa gwargwadon zurfin tabon, gwargwadon raguwar fatan farfaɗowa. Idan ya haura rabin kaurin bangon zuciya, da wuya sashen ya sake motsi ko da jini ya dawo.

Mazaunin tabon ma yana da abin faɗi. Wanda toshewar jijiya ta haifar yakan faro daga cikin bango, na kumburin tsoka kuwa galibi a tsakiya yake ko ta waje. Masu ciwon ƙoda mai tsanani ne akan yi taka-tsantsan da su kafin wannan allura.