2.3 Lauya Mai Fuska Biyu a Ƙagaggun Labaran Shari'a

Lauya mai fuska biyu shi ne tauraron da mai karatu kan kasa yanke wa hukunci, ko mutumin kirki ne ko na banza. Misali, a littafin The Lincoln Lawyer (2005) na Michael Connelly, lauya Mickey Haller ya gano cewa attajirin da yake karewa shi ya yi kisan da aka ɗaure wani a kansa. Amanar aiki ta hana shi tona asiri, ga kuma alhakin wanda aka zalunta. Wannan tsaka-mai-wuya ce ke jan zaren labarin.

Shi kuwa manomin Ɗambatta ko Bichi ba haka ya san shari'a ba. Rikicin gona kan taso daga gaban mai unguwa zuwa dagaci da hakimi, sannan alƙali, inda kowa ke faɗin ta bakinsa, a kawo shaidu ko a yi rantsuwa. A zamanin En'e ma ba a barin lauya ya tsaya a kotun alƙali. Saboda haka, marubucin Hausa da zai gina irin wannan tauraro, sai ya fara shawo kan mai karatun da ya ɗauki lauya mai mayar da ƙarya gaskiya.