Kwalkwali

Kwalkwali hular yaƙi ce. A shekarar 1807 masu jihadi suka ci Birnin Katsina. Katsinawan da suka fita suka zo suka zauna Maraɗi. Baradensu suna sa lifidi da kwalkwali don tsare kansu daga kibiya da takobi. Yau an daina yaƙi bisa dawaki. Ana ganin kwalkwali ranar hawan salla.

Yaron Gabi ma yana iya yin nasa don wasan kwaikwayo. Da farko ya nemi ƙwarya daidai kansa, ya kankare cikinta. Ya huda bakinta da basilla a hankali, don kada ta fashe. Sa'an nan ya shimfiɗa auduga ciki, ya rufe da tsumma. In babu auduga, ƙwarya za ta ji masa ciwo. Ya lulluɓe bayanta da jan ƙyalle, ya ɗinke. Ya ɗaura igiyar da za ta bi ƙarƙashin haɓa. Daga ƙarshe ya kafa gashin zabo a tsaka. Na barade kuwa gashin jimina ne.

Wannan kwalkwali na ado ne. Ba ya tare dutse ko sanda.