Masu Gadin Layin Sadarwa: Sana'ar Farautar Ɗan Kutse

A Mahuta da kasuwannin hatsi na Funtua da Malumfashi, ciniki ya sauya salo. Manomi ya sayar da masara, dillali ya karɓi lambar asusunsa, kafin a gama lodi alat ya shigo. Mai POS na bakin tasha ya zama bankin gari. An ga nauyin wannan dogaro a watan Satumba na 2021, sa'ilin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtua da Malumfashi, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mai son tura kuɗi sai ya yi tattaki neman sabis.

Kowace naira da ta tashi daga wannan waya zuwa waccan sai ta ratsa na'urorin banki da na kamfanin sadarwa, kuma akwai mutanen da abincinsu shi ne zama dare da rana suna duba abin da ke kai-komo a wannan hanya, ko ɓarawo ya saje da jama'a. Su ne masu sa ido kan layin sadarwa.

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Kwamfuta tana yayyanka shi ƙananan fakiti, kowane ɗauke da adireshin inda ya fito, da inda za shi, da lambar ƙofar da zai shiga. Abin da mai wannan sana'a yake karantawa ke nan. Yawancin kayan aikinsa kyauta ne. Akwai Wireshark, wadda Gerald Combs ya fitar a 1998 da sunan Ethereal, mai baje fakiti layi-layi a fuskar kwamfuta. Akwai Snort ta Martin Roesch, ita ma ta 1998, da Suricata, masu yin ƙara idan sun ga abin zargi. Akwai kuma Zeek, wadda ke rubuta wace na'ura ta yi magana da wace, yaushe, har na tsawon wane lokaci.

Hanyar kama ɗan kutse iri biyu ce. Ta farko, a ba na'ura jerin alamomin hare-haren da aka riga aka sani, duk wanda ta gani ta sanar. Ta biyu, wadda Dorothy Denning ta tsara a wata maƙala a 1987, ita ce a san yadda layi yake a ranar lafiya, abin da ya saɓa sai a bi sawunsa. Maigadin siton hatsi ya san wannan: an kwatanta masa ɓarayin da suka yi suna, amma abin da ya fi yi masa amfani shi ne ya san motar da ke zuwa lodi da hantsi, don haka wadda ta tsaya ƙarfe ukun dare ba sai an gaya masa ba.

Gwani a wannan aiki, kafin ya tambayi abin da na'ura ta gani, yakan tambayi abin da bai iso gare ta ba. A nan ne ɗalibai masu shirin jarrabawar wannan sana'a suke yawan tuntuɓe. Swic, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin ofis suke haɗuwa a cikinsa, yana kai kowane fakiti ƙofar mai shi kaɗai. Idan ka jona na'urar sa ido a wata ƙofa haka kawai, kusan ba abin da za ka gani. Mafita ta farko ita ce a umarci swic ya riƙa kwafe zirga-zirgar zuwa wata ƙofa ta musamman, abin da kamfanin Cisco ke kira SPAN. Ba a sayen komai, amma da sauran rina a kaba. Layi mai gigabit ɗaya yana iya ɗaukar gigabit ɗaya a tafiya, ɗaya a dawowa, ga shi kuma ana son a ɗura duka biyun a ƙofa mai gigabit ɗaya. Da cunkoso ya yi yawa, swic zai fifita aikinsa na asali ya zubar da kwafin, kuma fakitin da suka lalace ma ba ya miƙa su. Allon mai gadi zai nuna lafiya lau alhali an yi masa giɓi.

Mafita ta biyu ita ce TAP, 'yar na'ura da ake sakawa a tsakiyar wayar kanta, tana tatsar kwafin duk abin da ya wuce ta kowane ɓangare. Irin ta wayar gilashi ko lantarki ba ta buƙata, haske kawai take rabawa, kuma ba ta da adireshin da ɗan kutse zai gano. Sai an saye ta, sai an ɗan katse layi kafin a saka, amma idan tambaya ta zo a jarrabawa a kan hanyar da ta fi aminci, ita ce amsa. Tun a 1986 Clifford Stoll ya yi irin wannan dabara a ɗakin binciken Lawrence Berkeley na Amurka. Giɓin santi 75 ya gani a lissafin kuɗin amfani da kwamfuta, ya jona firintoci a layukan da ke shigowa, suna buga duk abin da wani baƙo da ya kutso ya rubuta ba tare da ya sani ba, har aka bi shi zuwa Hanover ta Jamus, inda ake sayar wa hukumar leƙen asiri ta KGB da bayanan.

A ƙasarmu akwai ƙarin abin lura. Idan wuta ta ɗauke, batir bai riƙe ba kafin janareta ya tashi, rikodin waɗannan mintuna ya tafi ke nan. Idan agogon na'urori bai daidaita ba, ba za a iya jera abin da ya faru daki-daki ba.

Aikin kansa na haƙuri ne. Mai aikin dare yana zaune gaban allo, gargaɗi na zubowa, mafi yawansu na banza. Can sai ya lura kwamfutar sashen kuɗi tana tuntuɓar wani adireshi na ƙasar waje kowane daƙiƙa 60 cif, da ɗan saƙo mai girma ɗaya, bayan kowa ya tashi. Saƙon a kulle yake, ba zai iya karanta shi ba, amma ɗan adam ba ya aiki da irin wannan ƙa'ida. Manhajar ɓarawo ce ke jiran umarni. Zai ware kwamfutar, ya adana shaida, ya tashi ogansa daga barci. Rashin ɗaukar wannan mataki ne ya ci shagunan Target na Amurka a ƙarshen 2013: na'urarsu ta yi gargaɗi, ba a bi ba, aka kwashe bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40.

Mai shiga sana'ar yakan fara da satifiket na Security+ na CompTIA: tambayoyi har 90 cikin minti 90, ana cin jarrabawa da maki 750 cikin 900, kuma bayan shekara uku sai an sabunta. Na gaba shi ne CySA+, wanda ya fi mai da hankali kan nazarin layi. CISSP kuwa sai mai shekara biyar a bakin aiki. Da dala ake biyan kuɗin jarrabawa, shi ya sa ba a shiga da wasa.

Kasuwar aikin tana nan. A 2018 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin tsaron intanet da suka wajabta wa bankuna sa ido kan na'urorinsu. Akwai cibiyar ngCERT a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga rumbun bayanai na Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a 2023. A shekarar ce ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce an ƙirga hare-haren kutse kimanin miliyan 12.9 a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa.

Matashin Mahuta ba sai ya jira Abuja ba kafin ya fara. Tsohuwar laftof, da swic na hannu, da manhajar Security Onion ta kyauta sun isa ya kafa ɗan layinsa, ya kai wa kansa hari, ya ga yadda abin yake fitowa a allo. Sharaɗin shi ne ya tsaya a kan nasa, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta leƙa layin wani ba da izini ba, kuma wanda za a ba gadin kuɗin jama'a, amanarsa ake fara dubawa. Satifiket zai kai shi gaban masu ɗaukar aiki, su kuwa za su buɗe masa rikodin layi su ce ya nuna musu inda ɓarawon ya shiga.