Yadda kamfanonin talla ke bin sawunka a intanet

Duk wanda ya taɓa duba kuɗin jirgi daga Yamai zuwa Kasablanka a intanet ya san abin da ke biyo baya: kwana da kwanaki tallar tikiti na tarbar sa a Facebook, a YouTube, har a cikin wasan da ya sauke a salula. Matasa da dama sun ɗauka wayar ce ke sauraren hirarsu. Amma sawun da muke bari a shafuka da manhajoji ya ishi kamfanonin talla su san abin da muke nema.

Sawu na farko shi ne kuki, wani ɗan ƙaramin rubutu da shafi ke ajiyewa a cikin waya ko kwamfuta. Wani injiniya na kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya ƙirƙiro shi a 1994 domin shafi ya riƙa tuna mai ziyara. Shi ne dalilin da ya sa ba a tambayar ka kalmar sirri kowane lokaci. Matsalar ta taso ne da kamfanonin talla suka fara dasa nasu kuki a shafukan wasu. Idan shafin labarai, da na kasuwanci, da na ƙwallon ƙafa duk suna ɗauke da alamar Google ko Meta, kamfanin na gane cewa mutum guda ne ya shiga dukansu, sai ya haɗa masa kundi.

Sawu na biyu ya fi shafar mu, tunda akasarin ƴan Nijar ta salula suke shiga intanet. Wayoyin Android da iPhone na ɗauke da lambar shaida ta talla, wadda manhajoji ke iya karantawa. Ba sunanka ba ne, amma idan aka haɗa ta da wurin da waya ke kwana da wurin da take yini, gano mai ita ba wuya. Da ka buɗe manhaja, ana yin gwanjon gurbin tallar cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, bayananka kuma na isa ga kamfanoni da yawa, har da waɗanda ba su yi nasara a gwanjon ba.

Abin bai tsaya ga tallar takalmi ba. A watan Nuwamban 2020, jaridar Motherboard ta Amurka ta bankaɗo cewa manhajar lokutan salla ta Muslim Pro na aika bayanan wurin da masu amfani da ita suke ga kamfanin X-Mode, wanda ke sayar da irin waɗannan bayanai ga ƴan kwangilar sojin Amurka. Muslim Pro ta musanta sayar wa sojoji bayanai, amma ta yanke hulɗa da kamfanin. Haka kuma, hanyar da ke kai wa mai neman aiki a waje tallar gaskiya, ita ce masu damfarar biza ke iya saye su iso gare shi.

A Turai an soma taka birki. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018, kuma a farkon 2022 hukumar CNIL ta Faransa ta sanar da cin tarar Google yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60, saboda sun sa ƙin kuki ya fi karɓar sa wahala. Tun 2021 Apple ya tilasta wa manhajoji neman izini kafin su bi sawun mai iPhone, matakin da Meta ya ce zai jawo masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Nijar ma na da dokar kare bayanan sirri tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita.

Kafin doka ta kai ga waɗannan manyan kamfanoni, akwai abin da ke hannunka. A saitin Android, ƙarƙashin Google, sashen Annonces na ba da damar goge lambar tallar. Idan shafi ya nemi izinin kuki, kar ka yi saurin danna Accepter, nemi Refuser. Ka kuma duba manhajojin da ka bai wa izinin sanin wurin da kake: tocila ko wasan karta ba su da dalilin sanin unguwarku.