Agogo Ɗaya Don Awon Wutar Lantarki

Wutar lantarkin da ke bin waya ba miƙe take tafiya ba, kai da komo take yi, sau 50 cikin kowace daƙiƙa a Nijeriya da ƙasashen Turai, sau 60 kuwa a Amurka. Masana sukan kasa kowane zagaye gida 360, su kira kowane kaso digiri. Idan masu jan wuta suka yi wa layi yawa, sai kaɗawar da ke ƙarshen layin ta riƙa bin bayan ta farkonsa da wasu digirori. Wannan tazara kuwa ita ke nuna ko layi na lafiya ko ya kusa gazawa.

To, yaya za a san tazarar alhali ma'aunin wannan gari da na wancan kowa da agogonsa? Saɓanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya isa ya jawo kuskuren digiri 18. Wannan matsala ce Arun Phadke da James Thorp suka magance da na'urar PMU, wadda aka fara haɗawa a Jami'ar Virginia Tech a 1988. Kowace na'ura takan karɓi lokaci daga taurarin ɗan'adam na GPS, wanda kuskurensa bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, ta buga shi a jikin kowane awo. Tsohon tsari yakan aiko da rahoto bayan daƙiƙa biyu zuwa huɗu, ita kuwa sau 30 ko 60 take aikowa cikin daƙiƙa guda.

Ba a san darajarta sosai ba sai ranar 14 ga Agusta, 2003, da wuta ta ɗauke wa mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada. Masu bincike sun sha wuya kafin su jera abin da ya faru bi da bi, domin agogunan tashoshin ba su zo ɗaya ba.

Sai dai an yi PMU ne don manyan layuka. A ƙananan layukan da ke raba wuta unguwa-unguwa tazarar takan kasa ko da digiri ɗaya, shi ya sa daga 2013 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta shiga gwajin wata ƙarama mai gane kashi ɗaya cikin ɗari na digiri. Bukatarta a fili take, tun da gidaje masu farantan sola sun soma mayar da wuta cikin layin da aka gina don ya kawo musu ita kawai.