Wayar Salula Ta Game Duniya, Saura Ta Kai Ga Kowa

A ranar 3 ga Afrilun 1973 ne wani injiniyan kamfanin Motorola mai suna Martin Cooper ya tsaya a bakin titi a birnin New York ya yi kira da wayar da ke hannunsa, babu igiyar da ta haɗa ta da bango. Nauyinta ya haura kilo guda. Bayan kimanin shekara goma aka kai irinta kasuwa a kan dala 3,995, farashin da sai mai hannu da shuni. A yau layukan salula a duniya sun haura biliyan 8, wato sun fi al'ummar duniya yawa.

Dabarar da ta sa hakan ya yiwu ba ta da wuyar fahimta. Zangon rediyon da ake aika murya a kai ba shi da yawa, don haka sai a raba gari zuwa ƙananan yankuna, kowane da turken sadarwarsa. Turakun da ke nesa da juna suna iya amfani da zango ɗaya ba tare da sun yi karo ba, kuma idan mai magana yana tafiya, wannan turke ya miƙa shi ga na gaba. Japan ce ta fara sayar da wannan hidima a Tokyo a 1979. Amma babban juyin ya zo ne a 1991, lokacin da tsarin GSM ya soma aiki a Finland. Ƙasashen Turai sun amince da ƙa'ida guda, masana'antu suka riƙa ƙera wayoyi da yawa, farashi ya faɗi. Zuwa 2002 layukan salula sun zarce na wayar girke a duniya.

Abin lura shi ne, araha ce ta yaɗa waya fiye da ƙawa. Katin waya ya ba talaka damar sayen magana gwargwadon aljihunsa, ba sai ya jira takardar biya a ƙarshen wata ba. Nokia 1100, ƙaramar wayar nan mai tocila da juriyar caji, an sayar da ita sama da miliyan 250. A Najeriya, kafin a yi gwanjon lasisin GSM a farkon 2001, layukan tarho ba su kai rabin miliyan ba. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar, Glo kuma ya shigo a 2003 da lissafin kira a kan daƙiƙa, sauran kamfanoni suka bi sahu dole. Yanzu layukan da ke aiki a ƙasar sun haura miliyan 150.

Amfanin ya wuce gaisuwa da zumunci. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi nazarin kasuwannin hatsi a Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan sabis ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa, ɗan kasuwa yana jin farashin gero a wani gari kafin ya yi lodi. A Kenya, Safaricom ya ɓullo da M-Pesa a 2007, mutanen da ba su taɓa shiga banki ba suka soma tura kuɗi ta waya. A wannan shekarar ce Apple ya fitar da iPhone, wayoyin Android suka biyo baya a 2008, intanet ta koma aljihu.

To, ina aka dosa? Koriya ta Kudu ta ƙaddamar da 5G a 2019, ana kuma sa ran 6G wajajen 2030. Tun 2022 wasu wayoyi ke iya aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam a inda babu turke, abin da zai amfani makiyaya da matafiyan sahara. Ƙirƙirarriyar basira ma ta shiga waya, tana fassara magana tana karanta rubutu da murya.

Sai dai duk wannan ci gaba ba zai yi armashi ba muddin ba a magance wani babban giɓi ba. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3 suna zaune a inda sabis na intanet ya kai, amma ba sa amfani da shi. Sun ninka waɗanda sabis bai kai gare su ba sau da yawa. Abin da ya tare su sananne ne: tsadar babbar waya, kuɗin data, rashin wutar caji, rashin iya karatu, da ƙarancin abin karantawa cikin harsunansu. Mata, musamman na karkara, su suka fi yawa a wannan rukuni.

Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai ƙera Tecno da Itel da Infinix, ya nuna cewa akwai riba a sauraron talaka. Ya kawo waya mai sim biyu, batir mai daɗewa da kyamarar da ke fito da baƙar fata tsaf, ya kuwa mamaye kasuwar Afirka. Irin wannan tunani ake buƙata daga hukumomi: a sassauta haraji kan wayoyi masu araha, a mayar da turakun karkara kan hasken rana maimakon man dizal, a koyar da amfani da waya a makarantun boko da na yaƙi da jahilci. Marubuta da masu manhajoji na Hausa su ma da aiki a gabansu, domin manomin da bai iya karatu ba yana buƙatar bayanin yanayi da farashin taki da muryar da yake ji. Ranar da shi da matarsa suka iya samun wannan a wayarsu kan kuɗin da ba zai taɓa cefane ba, ranar ce za a ce fasahar ta cika alƙawarinta.